Bin Jeri Mai Sunaye a Harshen R, da Misali daga Karin Hausar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

1. Makasudi

Makasudin wannan takarda shi ne a bayyana wa malaman Hausa wata 'yar dabara ta aiki da kwamfuta, wadda mai binciken karin harshe ba ya rasa bukatarta. Dabarar ita ce yadda za a umurci na'ura ta bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta yi lissafi a kan kalmomin da aka tara a kowanne, ba tare da sunan garin ya salwanta a hanya ba. In an dubi abin, ƙarami ne. Amma shi binciken kari gaba ɗayansa a kan tambaya guda ya ke tsaye, watau, a ina a ke faɗin haka? Kalmar da ta rabu da sunan garinta ta zama kamar buhun gyaɗa da aka sauke a tasha ba shaida a jikinsa: ga kaya, amma ba a san mai shi ba.

Magabata sun san wannan. G. P. Bargery, a cikin ƙamusunsa na 1934, ya kan sa 'yar alama kusa da kalma don ya nuna ta Katsina ce, ko ta Sakkwato, ko ta wani wuri. Umaru Ahmed da Bello Daura kuma, a littafinsu na 1970 a kan manyan kare-karen Hausa, ƙasa ƙasa suka rarraba bayaninsu. Abin da su suka yi da alƙalami shi mu ke so mu koya wa na'ura.

2. Garuruwan uku

Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi duk suna arewacin Jihar Zamfara, wadda aka yanke daga Jihar Sakkwato a 1996. Ko da ya ke maƙwabtan juna ne, kowanne da inda ya fuskanta. Shinkafi tana iyaka da ƙasar Isa, ta wajen Gobir. Zurmi tana iyaka da Jihar Katsina ta gabas. Kaura Namoda kuwa nan ne ƙarshen hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta biyo ta Gusau, wadda ta iso garin a 1929, ta jawo baƙi da fatake daga wurare da dama. Saboda haka duk mai son ya ga yadda Hausar yamma ke gamuwa da daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano, ya sami wurin dubawa.

Alamomin Hausar yamma sanannu ne ga masu karatun wannan takarda. Inda Bakano zai ce fari da tafi, mutumin yamma ya kan ce hwari da tahi. Inda a ke rubuta aka da muka da suka, a kan ji anka da munka da sunka. Akwai shina a madadin yana, da gidanai a madadin gidansa, da na da ta a madadin ne da ce. Malamin da ke koyar da rubutu a waɗannan garuruwa yana bukatar ya san wanne daga cikin waɗannan ya fi ƙarfi a bakin yaransa, domin ya bambance kuskuren rashin sani da abin da yaro ya tashi da shi a gida. In lissafin Zurmi ya koma ƙarƙashin sunan Kaura, sai a shirya wa yaran Kaura darasin da ba nasu ba.

Har ila yau, tattara irin wannan bayani a yankin ya yi tsada. Rashin tsaro ya hana shiga ƙauyuka da yawa a shekarun baya bayan nan, har a watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a jihar, aka kuma dakatar da kasuwannin mako mako. Abin da aka ɗauko daga bakin dattijo a irin wannan hali ba lalle ne a sami damar komawa a sake tambaya ba. Tilas ke nan a riƙe shi da kyau.

3. Harshen R da abin da a ke kira jeri

R harshe ne na ba kwamfuta umurni domin aikin ƙididdiga. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara shi a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, bisa tsarin wani harshe da ya riga shi mai suna S, wanda John Chambers da abokan aikinsa suka ƙago a Amurka a 1976. Cikakken bugunsa na farko ya fito ran 29 ga Fabrairu, 2000. Kyauta a ke samunsa, shi ya sa ya dace da sashen da kuɗinsa ba yawa.

A cikin R akwai hanyoyi da dama na ajiye bayani. Guda biyu kaɗai mu ke bukata a nan. Na farko shi ne layi, watau abubuwa iri ɗaya a jere, kamar kalmomi biyar ko lambobi goma. Da harafin c a ke haɗa shi. Na biyu shi ne jeri, wanda a ke haɗawa da umurnin list. Jeri kamar shago ne mai ɗakuna: kowane ɗaki yana iya ɗaukar abin da ya ga dama, mai yawa ko kaɗan, kuma ana iya rubuta suna a ƙofar kowanne. Wannan ya dace da aikinmu ƙwarai, domin da wuya yawan mutanen da aka tambaya a gari ɗaya ya zo daidai da na wani.

Ga misali. Mai karatu ya lura, amsoshin da ke ciki mu muka shirya su domin darasi kawai, kada a ɗauke su sakamakon bincike. A ce an nuna wa mutane farin ƙyalle, an tambaye su launinsa:

```
amsoshi <- list(
  "Kaura Namoda" = c("hwari", "fari", "hwari", "fari"),
  "Shinkafi" = c("hwari", "hwari", "hwari"),
  "Zurmi" = c("hwari", "fari", "hwari", "hwari", "hwari")
)
```

Jerin nan ɗakunansa 3, kowanne da sunansa. Abin da ya kamata a gane tun yanzu shi ne, R ba ta ajiye sunan a cikin ɗakin. Sunayen suna wani layi dabam da ke manne da jerin, kamar allon da aka kafa a ƙofar shago. Da umurnin names a ke karanta allon. Duk wahalar da za mu bayyana daga nan ta taso.

4. Zagaye na farko, inda suna ke ɓata

In ana so na'ura ta maimaita aiki guda a kan abubuwa da yawa, sai a yi mata zagaye, da kalmar for. Wanda ya fara koyo ya kan rubuta haka:

```
for (a in amsoshi) print(sum(a == "hwari"))
```

Ma'anarsa, shiga kowane ɗaki, kira abin da ke ciki a, ƙirga sau nawa aka ce hwari. Abin da zai fito shi ne:

```
[1] 2
[1] 3
[1] 4
```

Lissafin daidai ne, amma ina sunayen? Zagayen ya shiga ɗakuna ya ɗebo kaya, bai dubi allon ƙofa ba. Shi kuma [1] ɗin da ke gaban kowace lamba ba lambar gari ba ce, alama ce kawai da R ke sawa a farkon abin da ta buga. Da garuruwa 3 mutum ya iya tuna wanne ne wanne. In sun kai 30, sai ya koma ƙirga da yatsa, nan kuwa kuskure ke shigowa.

5. Zagaye bisa sunaye

Maganin abin shi ne a juya tsarin. Maimakon a bi ɗakuna, sai a bi allon sunaye, kowane suna kuma a yi amfani da shi a buɗe ɗakinsa:

```
for (gari in names(amsoshi)) {
  a <- amsoshi[[gari]]
  cat(gari, sum(a == "hwari"), "cikin", length(a), "\n")
}
```

Sai a sami:

```
Kaura Namoda 2 cikin 4
Shinkafi 3 cikin 3
Zurmi 4 cikin 5
```

Yanzu kowace lamba tana tare da mai ita. Mun kuma ƙara yawan waɗanda aka tambaya, domin lamba tsirara tana ruɗi. A lissafin farko Zurmi ta fi Shinkafi, 4 da 3. Amma 3 cikin 3 duka ne, 4 cikin 5 kuwa da saura.

Akwai ramuka biyu a nan da ya kamata a sani. Na farko, baka mai kusurwa guda biyu a ke sawa, watau [[gari]]. In aka sa guda ɗaya, R ba za ta ba da abin da ke cikin ɗakin ba, sai ta yanko ɗakin da bangonsa, watau ƙaramin jeri mai ɗaki ɗaya, in an tambayi tsawonsa kuwa kullum 1 zai ce.

Na biyu ya fi haɗari. Akwai gajeriyar hanya ta buɗe ɗaki da alamar dala, kamar amsoshi$Zurmi, kuma tana aiki sarai in mutum ya rubuta sunan da hannunsa. Amma a cikin zagaye, wanda ya rubuta amsoshi$gari ya ce wa R ta nemo ɗakin da a ke kira "gari" ne, ba ɗakin da sunansa ke cikin gari ba. Tun da ya ke babu ɗaki mai wannan suna, sai ta dawo da NULL, watau ba kome, kuma ba za ta yi gargaɗi ba. Zagayen zai ƙare lafiya lau, ya buga 0 cikin 0 a gaban kowane gari. Kuskuren da ya tsai da aiki mai sauƙi ne, domin an gan shi. Wanda ya wuce shiru shi ke shiga littafi.

6. Zagaye bisa lamba

Wani lokaci ana bukatar suna da matsayi duka biyu, ko kuwa ɗakuna biyu su zo da suna ɗaya, alal misali an je Zurmi sau biyu an sa wa kowace tafiya sunan garin. In haka ta faru, hanyar da ta gabata za ta buɗe ɗakin farko sau biyu, na biyun kuwa ba za ta taɓa shi ba, domin in an kira suna, wanda ya fara amsawa shi a ke ɗauka. A nan sai a bi lamba:

```
for (i in seq_along(amsoshi)) {
  gari <- names(amsoshi)[i]
  a <- amsoshi[[i]]
  cat(i, gari, length(a), "\n")
}
```

Umurnin seq_along yana ba da lambobi daga 1 har zuwa yawan ɗakuna. Wasu su kan rubuta 1:length(amsoshi) a madadinsa, kuma galibi sakamakon ɗaya ne. Bambancin yana fitowa ran da jerin ya zo fanko. A ranar, tsawonsa 0 ne, R kuwa ta kan karanta 1:0 da ma'anar ƙirga baya, 1 sa'an nan 0, sai ta nemi ɗaki na farko a shagon da ba shi da ɗaki, aiki ya tsaya. Shi seq_along in jeri fanko ne, ba ya zagayawa ko sau ɗaya.

7. Hanyar da ba a rubuta zagaye

Masu aiki da R sun fi son wata hanya, inda a ke ba na'ura jeri da aikin da za ta yi, ita kuma ta yi zagayen da kanta:

```
sapply(amsoshi, function(a) mean(a == "hwari"))
```

Wannan zai ba da 0.5 da 1.0 da 0.8, kowanne da sunan garinsa a bisansa. Watau sapply, da ɗan'uwansa lapply, suna maido da allon sunaye a kan sakamako bayan sun gama. Amma fa a lura, a lokacin da a ke cikin aikin, sunan ba ya nan. Aikin da aka ba su kayan ɗaki kaɗai ya ke gani. In abin da a ke so lamba ce kawai, wannan ya isa. In kuwa ana so a rubuta sunan gari a kan zane, ko a ajiye wa kowane gari takardarsa da sunansa, sai a miƙa kaya da suna tare:

```
Map(function(a, gari) paste(gari, length(a)),
    amsoshi, names(amsoshi))
```

Umurnin Map yana tafiya da layuka biyu kafaɗa da kafaɗa, na farko da na farko, na biyu da na biyu, sakamakon kuma ya ɗauki sunayen jerin da aka fara ambata. A cikin ƙarin kayan aiki da a ke kira purrr akwai imap, wanda wannan aikin kansa ya ke yi a taƙaice.

Bincike na gaske ba ya tsayawa kan tambaya guda. Kowane gari zai zama jeri ne shi ma, da ɗakin fari, da ɗakin aka, da ɗakin yana. Ka'idar ba ta sakewa: zagaye biyu, ɗaya cikin ɗaya, na waje ya bi names(bincike), na ciki ya bi names(bincike[[gari]]), a buɗe ɗaki da bincike[[gari]][[tambaya]]. Ta haka kowace lamba za ta fito da shaida biyu, ta gari da ta tambaya.

8. Dalilin da ya sa ba a dogara ga matsayi

Mai karatu ya iya cewa, ai na san Kaura ce ta ɗaya, Shinkafi ta biyu, Zurmi ta uku, me zai sa in damu? Ga dalili. Galibi ba da hannu a ke haɗa jeri ba. Bayani ya kan zo a babban jadawali, kowane mutum da layinsa, sa'an nan a raba shi gari gari da umurnin split. Shi kuwa split, in ba a tsara masa wani abu dabam ba, bisa abacada ya ke jera ɗakuna. Garuruwanmu uku sun yi katarin zuwa a jere. Amma a ce baɗi an ƙara Birnin Magaji da Moriki. Birnin Magaji za ta hau gaba ta zama ta ɗaya, Kaura ta koma ta biyu, Moriki ta shiga ta uku, Shinkafi ta huɗu, Zurmi ta biyar. Duk wanda ya rubuta [[2]] bara yana nufin Shinkafi, bana Kaura zai samu, na'ura kuwa ba za ta ce masa uffan ba. Suna ba ya motsi don an yi baƙo.

9. Abin da ya shafi Hausa musamman

Sauran abu guda, wanda littattafan koyon R ba su kan kula da shi ba, domin ba don mu aka rubuta su ba. Ita na'ura harafi ta sani, ba ta san gari ba. Ana rubuta Kaura Namoda, ana rubuta Kauran Namoda, ana kuma rubuta Ƙauran Namoda da ƙ mai lanƙwasa. Ga mutum wuri ɗaya ne, ga R wurare uku ne, split kuma zai gina musu ɗakuna uku. Haka nan ɗalibin da ya saba rubuta abin da kunnensa ya ji ya iya sa Shinkahi, tun da ya ke ka'idar da ta mai da tafi tahi ba ta ƙyale sunan gari ba. Ko fili guda da aka bari bayan suna ya isa ya raba gari biyu. Saboda haka kafin a raba jadawali, a fara duba sunayen da umurnin table, a ga sau nawa kowanne ya fito, a share filaye da trimws, a tsai da rubutu guda ga kowane gari.

Haruffa masu lanƙwasa kuma suna taɓa tsarin abacada. Inda Ƙ za ta faɗa a jeri ya danganta ga yadda aka saita na'urar. In bisa lambobin haruffa zalla a ke jerawa, Ƙ bayan Z ta ke zuwa, sai Ƙaura ta koma bayan Zurmi. Ke nan malami biyu, da bayani ɗaya da umurni ɗaya, sun iya samun jeri biyu dabam dabam. Wannan ƙarin hujja ce ta kiran ɗaki da sunansa. Ya kamata kuma a ajiye takardun bayani a tsarin UTF-8, wanda ya san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Masu aiki da Windows su nemi bugun R na 4.2.0, wanda ya fito a 2022, ko na bayansa, domin daga shi ne R ta riƙi wannan tsari a kan Windows na zamani.

A ƙarshe, kalma irin 'ya'ya, yadda a ke rubuta ta a Nijeriya, tana ɗauke da alamar da R ke karantawa a matsayin buɗe zance. A riƙa kewaye kalmomin Hausa da alamar zance mai ƙwaya biyu, kamar yadda muka yi a misalan nan. Wanda zai gwama bayaninsa da na Maraɗi ya tuna can ƴ a ke rubutawa, sai ya daidaita su tukuna.

10. Shawara ga malamai

Ga mai koyar da wannan a kwalejin horon malamai, tsarin da ya fi sauƙi shi ne a fara da takarda kafin na'ura. A ba ɗalibai ambulan uku, a rubuta sunan gari a bayan kowanne, a zuba 'yan katuna masu kalmomi a ciki. A sa ɗalibi guda ya juye katunan duka a kan tebur, tuli uku, a kawar da ambulan, sa'an nan a tambayi ajin wane tuli ne na Zurmi. Daga nan a sa wani ya ɗauki ambulan ɗaya ɗaya, ya karanta sunan da ƙarfi, ya buɗe, ya ƙirga, ya rubuta suna da lamba a allo kafin ya taɓa na gaba. Na farko shi ne zagayen sashe na 4, na biyu shi ne na sashe na 5. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sha wuyar gane names da [[gari]] ba.

Bayan an koma kan na'ura, a ɗora wa ɗalibi sharaɗi guda: kada ya miƙa wata lamba sai da sunan garinta a gefenta da yawan mutanen da aka tambaya, kuma kafin ya yarda da sakamakon garuruwa 30, ya ƙirga na gari guda da hannu ya gwada. In na hannu da na na'ura sun zo ɗaya, sai ya ci gaba.